Darasin Wannan Wata: Rabon Zangon Rediyo, da Abin da Ya Haɗa Shi da Damina

Duk wanda ya saba murɗa rediyo da dare ya san wannan abu. Kana cikin jin labarai a matsakaicin zango, sai wata murya da Larabci ko Faransanci ta kunno kai daga ƙarƙashi, ta yi ƙarfi har ta danne tashar da kake ji, can kuma ta ja da baya. Waɗansu sukan ce batir ne ya yi sanyi. Waɗansu kuwa sai su bubbuga akwatin. Akwatin ba shi da laifi. Tashoshi biyu ne suka gamu a hanya ɗaya, ma'aikatan sadarwa suna kiran wannan katsalandan.

A darasin wannan wata muna so mu duba yadda ake raba hanyoyin nan na iska, da yadda ake sasanta masu rigima a kansu. Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? To, wayar da muke tambayar farashin masara da ita, da rediyon da ke gaya mana ranar rigakafin dabbobi, da labarin saukar damina da muke jira kafin mu yi shuka, dukansu a kan wannan rabo suke tsaye.

Mene ne zango?

In ka jefa dutse cikin tafki za ka ga igiyar ruwa tana bazuwa, ɗaya na bin ɗaya. Haka eriyar gidan rediyo take aika igiyoyi cikin sarari, sai dai ido ba ya ganinsu, gudunsu kuwa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa guda. Ana ƙidaya sau nawa igiyar take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Sunan ma'aunin haz, daga sunan wani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya nuna akwai waɗannan igiyoyi a shekarar 1887. Kaɗawa dubu ita ce kilohaz, miliyan ita ce megahaz, miliyan dubu kuwa gigahaz.

Tsofaffinmu sun fi sanin "mita". Abu ɗaya ne aka auna ta wata fuska, watau tsawon igiya guda. Lissafin ba wuya: raba 300 da yawan megahaz, sai ka sami mita. Tashar da take kan megahaz 6 tsawon igiyarta mita 50 ne, shi ya sa ake samunta a wajen da aka rubuta mita 49 a fuskar rediyo. Tashar FM da take kan megahaz 100, tata igiyar mita 3 ce kawai.

Kowane zango da halinsa, kamar yadda jigawa take ta gero, fadama kuwa ta shinkafa da rake. Gajeren zango yakan hau sama ya daki wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, ya komo ƙasa can nesa, domin haka yake ƙetare ƙasashe. FM kusan iyakar inda eriya take hangowa yake kaiwa. Matsakaicin zango kuwa shi ne mai hali biyu. Da rana akwai wani rufi a sama, wajen kilomita 60 zuwa 90, wanda yake shanye igiyarsa. Rana na faɗuwa sai rufin nan ya watse, igiyar ta wuce ta daki na samansa ta dawo a wata ƙasa. Dalilin baƙin muryoyin dare ke nan.

Abin lura shi ne, zango ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Amma ba ya ƙaruwa kuma. In mutum biyu suka hau wuri ɗaya a lokaci ɗaya, dukansu sun yi hasara.

Yadda aka koyi darasin

A daren 14 ga Afrilu 1912 babban jirgin ruwan nan Titanic yana ƙetare tekun Atilantika. Ma'aikacin rediyonsa yana ta aika saƙonnin fasinjoji zuwa wata tasha a gaɓar teku. Wani jirgi da ke kusa, Californian, ya kira domin ya yi gargaɗi cewa ƙanƙara ta tare hanya. Na'urorin zamanin nan ba su iya tsayawa a wuri ɗaya, ƙararsu takan cika ko'ina, saboda haka kiran ya toshe wa ma'aikacin Titanic kunne, ya ce wa wancan ya yi shiru. Ma'aikacin Californian shi kaɗai ne a jirginsa, ya kashe na'urarsa ya kwanta. Da Titanic ya daki ƙanƙara ya fara neman taimako, jirgin da ya fi kusa bai ji ba. Mutum wajen 1,500 suka mutu. A kwanakin da suka biyo baya saƙonni suka yi ta cakuɗewa a iska, har waɗansu jaridu suka buga cewa an ceci kowa.

A wannan shekara Amurka ta yi dokar cewa ba mai aika saƙo ta rediyo sai da lasisi. Duk da haka a 1926 wata kotu ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon tilasta wa tasha ta zauna a wurin da aka ba ta. Nan da nan tashoshi suka shiga tsalle daga wuri zuwa wuri, kowa yana ƙara ƙarfin na'urarsa don ya danne maƙwabcinsa, har masu sauraro suka rasa abin ji. Masu gidajen rediyon da kansu suka roƙi a yi musu doka, aka kafa hukumar rabon zango a 1927.

Masu rabo

Igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan, domin haka rabon ya wuce ƙarfin ƙasa ɗaya. Akwai Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ƙasashe 20 suka kafa a birnin Paris a 1865 saboda wayar tangaraho. A 1906 a Berlin aka yi yarjejeniya ta farko a kan rediyo. Yanzu ƙungiyar tana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, hedkwatarta tana Janiba a ƙasar Suwizalan, ƙasashe fiye da 190 suna ciki. Wani ɗan Mali, Hamadoun Touré, ya shugabance ta daga 2007 zuwa 2014.

Kowace shekara uku ko huɗu wakilan ƙasashe sukan taru har kusan wata guda su gyara littafin dokokin rediyo. A cikinsa akwai babban jadawali mai nuna aikin da aka ware wa kowane zango: wannan na jiragen sama, wannan na jiragen ruwa, wannan na watsa labarai, wannan na wayar hannu. An kasa duniya kashi uku, Afirka tana kashi na ɗaya tare da Turai da Gabas ta Tsakiya.

Bayan babban rabo sai ƙananan tsare-tsare. A 1975 aka yi tsarin matsakaicin zango, aka sa tazarar kilohaz 9 tsakanin tasha da tasha, aka fara aiki da shi a Nuwamba 1978. Ku gwada ku gani: lambar kowace tashar matsakaicin zango a yankinmu, ko 594 ce, ko 729, ko 972, tana rabuwa da 9 ba saura. A 1984 aka yi na FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108. Da tashoshin FM suka yi yawa a Afirka wuri ya ƙure, sai ƙasashen nahiyar suka sake zama tare da ITU daga 2019 zuwa farkon 2022, kowace tana lissafi da maƙwabtanta, suka samo sababbin gurabe fiye da 18,000.

Masu gajeren zango kuwa nasu tsarin dabam ne. Da yake rufin saman nan yana sauyawa da lokacin shekara, injiniyoyinsu sukan gamu sau biyu a shekara, kowa ya ajiye jadawalinsa a tebur, a duba inda za a yi karo, wani ya matsa gaba wani ya matsa baya. Shi ya sa tashoshin ƙasashen waje sukan sauya mita a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Yawancin rigingimu a irin wannan zama suke mutuwa, tun mai sauraro bai ji kome ba.

A cikin gida, kowace ƙasa da hukumominta. A Nijeriya NCC ce mai kula da kamfanonin waya, NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, an kafa su duka a 1992. Akwai kuma majalisar rabon zango ta ƙasa wadda take haɗa su da sauran masu amfani, kamar sojoji da ma'aikatan jiragen sama. Kada mu ɗauka iskar banza ake rabawa. A gwanjon Janairu 2001 kowane lasisin wayar hannu ya tashi a kan dala miliyan 285. A Disamba 2021 MTN da Mafab kowannensu ya ci nasa lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6.

In an yi karo fa?

Abu na farko shi ne shaida. Wanda aka dama yakan rubuta rana, da lokaci, da lambar zangon, da irin ƙarar da ake ji. Hukuma tana da motoci masu eriyar da ke nuna inda sigina take fitowa. A auna daga wuri ɗaya a ja layi a taswira, a matsa wani wuri a sake aunawa a ja wani layin, inda layukan suka gamu nan mai laifin yake. Sau da yawa shi kansa bai san yana ɓarna ba. Wataƙila na'urarsa ta tsufa tana yoyo, ko matatar da ke tsare ta a wurinta ta lalace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tashar FM, gama daga megahaz 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, ba kome tsakaninsu sai bango ɗaya. Tashar da ke yoyo tana iya sa matuƙi ya ji kiɗa a lokacin da yake jiran umarnin sauka.

In kuwa daga wata ƙasa abin yake zuwa, hukumar wannan ƙasa takan rubuta wa ta waccan. In ba su daidaita ba, su kai wa ofishin ITU, inda ake ajiye babban rajista na dukan guraben da ƙasashe suka sanar. Wanda gurbinsa yake rubuce bisa ƙa'ida shi ke da haƙƙin a kare shi. Daga nan sai kwamitin mutum 12 da ke duba ƙararraki. Amma ITU ba ta da 'yan sanda, ba ta da kurkuku. Abin da ke riƙe tsarin shi ne kowace ƙasa ta san in ta ɓata wa maƙwabciya yau, gobe nata jiragen da nata wayoyin ba su tsira ba. Wanda ya taɓa zama cikin kwamitin rabon ruwan noman rani ya san irin wannan doka.

Rigimar da ta shafi damina

Ga wadda muke so mu daɗe a kanta. Tururin ruwan da ke cikin iska yana fitar da wata 'yar igiya tasa ta halitta, mai rauni ƙwarai, ana kuwa aunata a wajen gigahaz 23.8. Taurarin ɗan'adam masu duba yanayi suna kewaya duniya suna sauraron wannan raɗa. Da ita suke gane yawan laimar da ke cikin iska, ko da dare ne, ko da gajimare ya rufe. A zuba awon cikin manyan kwamfutoci tare da sauran awo, sai hasashe ya fito. Hukumar NiMet a Nijeriya, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, duk suna cin moriyar irin waɗannan awo. A ƙasashe irin namu, inda tashoshin awon yanayi na ƙasa ba su da yawa, abin da tauraro ya gani daga sama ya fi muhimmanci.

To, gidan rediyo in an matsa masa yana iya ƙaura zuwa wata mita. Tururin ruwa ba ya ƙaura. Inda yake magana nan yake magana. Domin haka dokokin duniya sun hana kowa aika kome tsakanin gigahaz 23.6 da 24, an bar wurin shiru domin masu sauraro.

Sai ga kamfanonin waya suna neman fili mai faɗi domin 5G, aka kuwa ga akwai wuri daga gigahaz 24.25 zuwa sama. Tsakanin filin nan biyu an bar tazarar megahaz 250, kamar burtali tsakanin gonaki. Amma ba na'urar da ba ta ɗan zubar da ƙara a gefenta. Tauraron kuwa ba shi da hanyar rarrabe yoyon turken waya da muryar tururi. In yoyon ya yi yawa ƙwarai, masana za su gane su zubar da awon, an yi hasararsa ke nan. In kaɗan ne, abin ya fi muni, domin za a ɗauka laima ce ta gaske a zuba ƙarya cikin lissafi.

A 2019 hukumar sadarwa ta Amurka ta yi gwanjon wannan zango ta sami wajen dala biliyan 2, ko da yake hukumar yanayi ta ƙasar da hukumar binciken sararin samaniya sun nemi a dakata. A watan Mayu na shekarar, Neil Jacobs, wanda yake riƙon hukumar yanayin a lokacin, ya gaya wa 'yan majalisa cewa ingancin hasashe yana iya raguwa har da kashi 30 cikin 100, a koma irin na wajen 1980. Kamfanonin waya da hukumar sadarwa suka musa, suka ce lissafin ya yi zato mafi muni, suka ce igiyar wannan zango ba ta tafiya nesa, eriyoyin kuma ƙasa suke duba. Gwamnati ɗaya, hukumominta biyu suna jayayya a fili.

Aka kai maganar babban taron ITU da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba 2019. Tambayar ɗaya ce: yoyo nawa za a yarda da shi? Ana auna shi da wata lamba mai alamar ragi, yadda lambar ta yi nisa ƙasa da sifiri haka yoyon yake ƙanƙancewa. Amurka ta ce -20. Turai ta ce -42. Ƙungiyar Yanayi ta Duniya ta ce -55. Kada lambobin su ruɗe mu, gama kowane taki 3 ninki biyu ne. Tsakanin abin da Amurka ta nema da abin da masana yanayi suka nema akwai ninki fiye da 3,000.

Bayan makonni ana ja-in-ja aka tsaya a kan -33 ga turakun waya, da sharaɗin cewa waɗanda za a kafa bayan 1 ga Satumba 2027 sai su sauko zuwa -39, watau kashi ɗaya cikin huɗu na yoyon farko. Hujjar ita ce a farkon shekaru turakun ba su da yawa, kafin su yawaita an sami na'urori masu tsabta. Masana yanayi ba su gamsu ba, sun faɗa a fili. Tarayyar Turai kuwa daga baya ta matso da nata wa'adin zuwa 1 ga Janairu 2024.

A ganinmu sulhun ya fi rashinsa, amma ya karkata wajen mai kuɗi. Kamfanin waya yana iya faɗin abin da zai biya, dala kaza. Manomin da ya yi shuka da ruwan farko bisa ga hasashe, sa'an nan aka yi kwana ashirin ba ɗigo, ba wanda ya rubuta hasarar irinsa a takardar gwanjo. Sharaɗin kuma ya bar turakun da aka kafa kafin wa'adi su ci gaba da tsohon ma'auninsu. Sai dai a lura, 5G da aka yi gwanjonsa a Nijeriya a 2021 yana wajen gigahaz 3.5 ne, nesa ƙwarai da wannan wuri, ba shi ne ake magana a kai ba. Amma lissafin yanayi na duniya duka ne a dunƙule, awon da ya ɓaci a wata nahiya yana iya taɓa hasashen wata bayan 'yan kwanaki.

Akwai kuma misalin da ke ba da ƙarfin zuciya. A 2009 ƙasashen Turai suka harba wani tauraro mai suna SMOS domin ya auna damshin ƙasa, yana sauraro tsakanin megahaz 1400 da 1427, wurin da shi ma an hana kowa taɓawa. Da ya fara aiki sai aka tarar wurare da yawa cike da ƙara. Injiniyoyi suka yi taswirar inda kowace ƙara take fitowa, suka aika wa hukumomin ƙasashen, aka bi ɗaya bayan ɗaya aka kashe da dama daga cikinsu, aka gyara waɗansu.

A ƙauyenmu

Mu ma muna iya zama masu katsalandan ba mu sani ba. Tun da wutar sola ta shigo, gidaje da yawa suna kukan gajeren zango da matsakaici sun daina kamawa. Sau da yawa laifin na inbata mai araha ne, ko ƙwan fitila, ko cajar waya. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna rediyo mai batir, a kashe kayan wutar gidan duka, sa'an nan a kunna su ɗaya-ɗaya har a ji wanda ya kawo ƙarar. A nisantar da rediyo daga gare shi, ko a miƙa waya a waje ta zama eriya.

Wanda ya fi ɓarna shi ne akwatin ƙara ƙarfin sabis da ake saye a kasuwa a kafa a kan rufi. In eriyarsa ta ciki da ta waje suka yi kusa, yakan shiga kuka kamar lasifika da aka kusantar da abin magana, sai dai kunne ba ya ji. Mai gidan yana iya ganin sandunan wayarsa sun cika, alhali turken da ke yi wa gari duka aiki ya kurumce, matar da take neman mota ta kai ta asibiti ta kasa samun layi. NCC ta hana kafa irin wannan akwati ba tare da izini ba. Haka kuma oba-oba da 'yan sintiri ko ƙungiyar manoma sukan saya. Yawancinsu suna iya hawa zango da yawa, har da na waɗanda aikinsu ceton rai ne. A nemi izini da lambar zango daga hukuma tukuna, a sa wanda ya iya ya daidaita su duka a kan wannan lamba.

In kuwa sabis ko tashar da kuka dogara da ita ta lalace farat ɗaya, kada ƙungiya ta tsaya ga gunaguni a dandali. Magatakarda ya ɗauki littafi ya rubuta har kwana bakwai ko goma: wace rana, ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa ta daina, a wace unguwa ta fi tsanani, ko akwai sabon abin da aka kafa a garin a kwanakin nan. A kai wa gidan rediyon ko kamfanin wayar kofi ɗaya, a aika wa hukuma ɗaya, a ajiye ɗaya. Injiniyan da aka ce masa "sabis ba kyau" ba ya sanin inda zai fara. Wanda aka ce masa ƙarar takan tashi ƙarfe bakwai na yamma in an tayar da janareton kasuwa, ta ɗauke ƙarfe goma sha ɗaya, ya san ƙarfe nawa zai iso da motarsa, ya san kuma titin da zai tsaya.